DIGIRI NA BIYU A FANNIN KIMIYYA DA FASAHA: A TAYA KAFIN A BIYA

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a taron iyaye da ɗalibai na ƙungiya, a Sabo, Badun



Mai girma Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, shugaban wannan ƙungiya tamu, malamanmu, iyayenmu maza da mata, abokan sana'a na Sabo da Sasa da Bodija da Akinyele, da ku 'ya'yanmu ɗalibai da kuka cika bayan rumfa, ina yi wa kowa barka da zuwa. Ina kuma gode wa kwamitin ilmi da ya ga ya dace a ji bakin ɗan kasuwa a kan wannan magana, tun da dai daga aljihun ɗan kasuwa kuɗin ke fita.

Batun da aka ɗora mini shi ne digiri na biyu, wanda yaranmu ke kira mastas, musamman a fannin kimiyya da fasaha. A da, in an yi taro irin wannan, damuwarmu ita ce yadda za a sa yaro firamare ya zauna har ya gama. Yau, alhamdu lillahi, akwai gidaje da dama a cikinmu da ɗa ko 'ya sun gama jami'a, sun yi bautar ƙasa, sun dawo suna cewa, "Baba, ina so in ƙara karatu." To, a nan uba ke shiga tsaka mai wuya. In ya hana, a ce ya tare wa yaro gaba. In ya bayar, bai san abin da ya saya ba.

Abin da nake so mu tashi da shi daga wannan taro guda ɗaya ne. Digiri na biyu jari ne. Ku kuwa kun sani, ba a zuba jari sai an san hajar da za a saro, an san wurin wanda za a saro ta, an kuma san kasuwar da za a kai ta. A kan waɗannan abubuwa uku zan gina maganata.

MENE NE SHI DIGIRI NA BIYU?

Mu da muka yi karatun allo muna da misali a hannu. In yaro ya yi sauka, ya sami tushe. Daga nan sai ya shiga karatun littattafai a zaure, kuma ba kowane zaure ake zuwa ba. Mai son fiƙihu ya san malamin da zai nufa, mai son nahawu shi ma ya san nasa. To, digiri na farko kamar sauka ne. Shekara 4 ake yi a yawancin darussan kimiyya, shekara 5 a aikin injiniya da aikin gona, ana ɗan taɓa kowane ɓangare. Digiri na biyu kuwa shi ne zama gaban malami guda a kan reshe guda, har mutum ya iya warware matsala da kansa.

A jami'o'inmu na Nijeriya, a takarda, shekara ɗaya da rabi ne zuwa biyu ga wanda ya ba karatun dukan lokacinsa. Zangon farko da na biyu ana zama aji ana jarrabawa. Bayan nan sai ɗalibi ya zaɓi matsala guda, a haɗa shi da malamin da zai duba aikinsa, ya shiga ɗakin gwaje-gwaje ko gona ko masana'anta ya yi bincike. In ya gama ya rubuta kundi, a gayyato wani farfesa daga wata jami'a daban ya zo ya titsiye shi da tambayoyi. Sai ya kare abin da ya rubuta sa'an nan a ba shi takarda. Sunan takardar yakan bambanta. Za ku ji M.Sc. ga masu kimiyya, M.Eng. ga injiniyoyi, M.Tech. kuma a jami'o'in fasaha irin ta Akure da ta Minna.

Sharuɗɗan shiga kusan iri ɗaya ne ko'ina. Ana son digiri na farko da bai gaza daraja ta biyu mataki na ƙasa ba, da takardar gama bautar ƙasa ko ta yafewa, da cikakken sakamakon shekarun jami'a wanda tsohuwar makarantar yaro za ta aika da kanta, da wasiƙun malaman da suka san shi. Wanda ya fito da daraja ta uku, ko mai babbar difiloma daga kwalejin fasaha, galibi sai ya fara yin difilomar gaba da digiri ta shekara guda kafin a ɗauke shi.

Akwai wani bambanci da iyaye da yawa ba su sani ba, kuma yana jawo asara. Mastas iri biyu ne. Akwai na bincike, wanda ke buɗe ƙofar digiri na uku da aikin koyarwa a jami'a. Akwai kuma na ma'aikata, wanda akan yi da yamma ko ƙarshen mako don ƙarin ƙwarewa da ƙarin girma a wurin aiki, shi kuwa sau da yawa ba a wucewa da shi zuwa digiri na uku. Ko a na binciken ma akwai maki. A nan Jami'ar Badun, sai wanda ya sami 60 cikin 100 yake wucewa kai tsaye zuwa digirin dakta. Saboda haka tun ran gini tun ran zane, a tambayi yaro wanne yake nufi.

INA RUWANMU DA SHI?

Wani zai ce, mu da ke sayar da wake da goro da tumatir da shanu, me ya haɗa mu da ɗakin gwaje-gwaje? Jama'a, abin da ya haɗa mu shi ne asara. Bari in tuna muku abubuwan da duk muka gani da idonmu.

A shekarar 2015 ƙasashen Tarayyar Turai suka hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya. Dalili kuwa shi ne an auna an tarar da maganin ƙwari ya yi yawa a jikinsa, irin sinadarin nan da ke cikin fiya-fiya. Mu mun san yadda aka yi ya shiga, tsoron ƙwaro ne ya sa mai sito yake yayyafawa. Alhali maganin ƙwaron ba tare da guba ba yana nan. Buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, masana na Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fito da shi tare da masu bincike na Marwa a arewacin Kamaru, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007. Hikimarsa ita ce, in an ɗaure baki da kyau, ƙwarin da ke ciki za su shanye iskar da ta rage, daga nan su daina ci su mutu. Abin kamar wasa, amma sai da aka yi shekaru ana aunawa kafin a tabbatar.

Ku dubi gyaɗa da masara. Fumfunar da ke kama su tana haifar da wata guba da ake kira afulatoksin, wadda ke jawo ciwon dajin hanta, ita ce kuma ke sa kamfanonin abincin kaji da masu fitar da kaya waje su mayar wa mutum da lodinsa. Cibiyar IITA, maƙwabciyar kasuwar Sasa, wadda aka kafa tun 1967, ta fito da maganin da ake kira Aflasafe. Dangin fumfunar ne marasa guba aka ɗora a kan ƙwayar dawa, a watsa a gona kafin amfani ya yi fure, su riga masu gubar kama wuri. Kullum motocinmu na wucewa ta ƙofar wannan cibiya. Mu nawa ne muke da ɗa a cikinta?

Masu tumatir ba za su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon ta cinye gonaki a Kano da Kaduna, har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kwando ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Ko a shekarar da babu tsutsa, tafiyar kusan kilomita 1,000 daga Kano zuwa Ikko a cikin kwanduna, wani kan wani, cikin zafin rana, kowa ya san abin da ake zubarwa in an sauke. Wani malami daga Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ke sanyaya kayan lambu ba wuta. A 2015 kuma wani ɗan ƙasar Ibo, Nnaemeka Ikegwuonu, ya kafa kamfanin ColdHubs a Owerri, yana gina ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana a cikin kasuwanni, mai kaya ya biya kuɗin kwana a kan kowane kiret.

Masu goro kuwa, cibiyar binciken koko da ke Idi-Ayunre a kan hanyar Ijebu-Ode, goro na cikin amfanin da aka ɗora mata ta yi bincike a kansu. Kakanninmu goro ne ya kawo yawancinsu Kurmi, har yau kuma sankara na cin huhu, har yau da ganye da yayyafin ruwa muke fama. Masu dabbobi suna da cibiyar Vom kusa da Jos, wadda ke yin allurar rigakafi tun zamanin Turawa, da cibiyar binciken dabbobi ta Shika. Masu fata da ƙirgi suna da tasu a Samaru, Zariya.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan wurare masu digiri na biyu da na uku ne ke aiki a cikinsu, kuma ɗaliban mastas su ne ke yawancin aunawa da ƙirgawa. Kowane ɗalibi kuwa matsalar da ya sani ita yake kaiwa gaban malaminsa. In babu yaron da ya tashi yana ganin ana kwance huhun goro, ko ana zubar da ruɓaɓɓiyar albasa a bayan rumfa, to, ba wanda zai ɗauki ciwonmu ya kai ɗakin gwaji. Yaronmu yana da abin da abokan karatunsa ba su da shi: ya san kasuwar daga ciki, yana jin Hausa yana jin Yarbanci, zai iya magana da manomi a Kadawa ya kuma yi da mai saye a Bodija. Wannan ita ce hajar da nake cewa a saro.

Ba kuma a kayan gona kaɗai abin ya tsaya ba. Matatar man Dangote da aka buɗe a Lekki a 2023, mai tace ganga 650,000 a rana, injiniyoyin sinadarai da na lantarki da na injuna take nema. A garin Ede da ke Jihar Osun, cibiyar da Farfesa Christian Happi ke shugabanta ita ce ta taimaka wajen tabbatar da cutar Ebola da ta shigo Ikko a 2014, ita ce kuma ta fara karanta ƙwayar halittar cutar korona a duk Afirka a 2020. Ga aikin wutar hasken rana, ga na ruwan sha, ga na kwamfuta. Fili yana da faɗi.

WA YA KAMATA YA TAFI?

Yanzu ga ku ɗalibai, ku yi mini haƙuri in faɗi mai ɗaci. Akwai mai neman mastas don yana da abin da yake so ya ƙware a kai. Akwai kuma mai nemansa don ya gaji da zaman gida, yana jin kunyar a tambaye shi ina aiki. Na biyun nan ɓuya yake nema, kuma bayan shekara biyu zai fito ya tarar da tambayar tana nan tana jiransa, ga kuɗin uba ya tafi.

Ga awon da uba zai yi, ko da bai taɓa shiga aji ba. Ka zaunar da yaro ka ce ya gaya maka da Hausa, cikin magana kaɗan, wace matsala zai bincika, wa take damu, kuma in ya gama wa zai biya shi saboda abin da ya sani. In ya iya amsawa har ka gane, to, da alamar haja. In ya shiga kame-kame yana jero maka Turanci, ka ce ya je ya ƙara tunani.

Wanda ke son koyarwa a jami'a, ko aiki a cibiyar bincike, ko zuwa digiri na uku, ba shi da wata hanya sai ta mastas, kuma gara ya yi da wuri. Amma injiniyan da ya gama yau, sau da yawa ya fi masa ya sami shekara biyu ko uku a wurin aiki, ya nemi rajista da hukumar COREN, sa'an nan ya koma karatu ya san abin da ya je nema. Mai rubuta manhajar kwamfuta kuwa, masu ɗaukar aiki sun fi duba abin da hannunsa ya ƙera. Kowace sana'a da lokacin sarinta.

WURIN WA ZA A SARO?

Sunan jami'a kaɗai ba ya wadatarwa. A karatun kimiyya abubuwa uku ake dubawa: malami, da kayan aiki, da lokaci.

Malamin da zai duba aikin yaro shi ne maigidansa na shekara biyu. A bincika, yana aiki a kan wannan fanni yanzu? Ɗalibai nawa ne a hannunsa? Yana zaune ko kullum yana kan hanya? Ba a ofis ake samun amsar nan ba, wurin ɗaliban da suka riga shiga ake samunta. Zuwa da kai ya fi saƙo. Yaro ya je sashen da ƙafarsa, ya sami mutum biyu ko uku da ke gab da gamawa, ya tambaye su wace shekara suka shiga.

Sai kayan aiki. A tambaya, na'urar da binciken ke bukata tana nan, kuma tana aiki? In babu, ina ake kai samfur a auna, nawa ake biya? Iyaye, ku riƙe wannan da kyau: kuɗin makaranta da ake rubutawa a takarda shi ne ƙaramin kashi. Babban yana wajen sayen sinadarai, da biyan kuɗin awo, da man janareta, da zirga-zirgar zuwa gona ko masana'anta, da buga sakamakon a mujallar masana. Yara da yawa sun gama zaman aji lafiya, suka maƙale a wurin bincike saboda ba a yi lissafin wannan ba tun farko. Shi ya sa ɗalibin da ya sami shiga ƙarƙashin wani aikin bincike mai kuɗinsa, a IITA ko cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT da ke nan Badun, ko cibiyar binciken adana amfanin gona mai hedkwata a Ilori, ya huta da rabin wahala.

Sai lokaci. A 2020 malaman jami'o'in gwamnati sun yi yajin aiki na wata 9, a 2022 suka yi na wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Duk wanda zai yi lissafin kuɗin haya da abinci, ya ƙara wani abu a kai saboda irin wannan.

A kuma tabbata hukumar jami'o'i ta ƙasa, wato NUC, ta amince da makarantar da kuma shi kansa darasin. Kun ji abin da ya faru a ƙarshen 2023, lokacin da wani ɗan jarida, Umar Audu, ya sayo digiri a Kwatano cikin mako 6 don ya tona asirin masu wannan sana'a. A watan Janairu na 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo. Mu da ke kusa da iyaka, dillalan irin wannan takarda suna yawo a cikinmu. Araha ba ta ado.

GIDA KO WAJE?

Mastas a Ingila shekara ɗaya ne, shi ya sa yara ke rububinsa. Amma ku tuna, a watan Mayu na 2023 Dala tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairu na 2024 ta haura Naira 1,500. Wanda ya tura yaro da lissafin farko, sai ya wayi gari bashin ya ninka uku, har wasu ɗalibanmu a can aka dakatar da su saboda sun kasa cika kuɗin makaranta. Daga Janairu na 2024 kuma Ingila ta hana masu mastas na zaman aji tafiya da iyali. A Jamus yawancin jami'o'in gwamnati ba su karɓar kuɗin koyarwa, amma kafin a ba da biza sai an nuna kuɗin zama na shekara guda a asusu na musamman, wanda a 2025 ya kai Yuro 11,904. Shawarata ita ce, kada a sayar da gida ko a karya uwar kuɗi don tura yaro waje. In zai fita, ya fita da tallafin karatu.

Tallafin kuwa yana nan ga mai sakamako mai kyau. Asusun PTDF, wanda aka kafa a 1973, yana ɗaukar nauyin mastas da digiri na uku a fannonin da suka shafi mai da gas da makamashi. Akwai Chevening da Commonwealth na Ingila, sai dai Chevening na son wanda ya yi aiki na shekara 2. Akwai DAAD na Jamus da Erasmus Mundus na Tarayyar Turai. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda yana da nasa. Jami'ar KAUST ta Saudiyya, wadda aka buɗe a 2009 domin karatun gaba da digiri a kimiyya da fasaha, tana ɗaukar nauyin ɗalibanta. Masu lissafi suna da cibiyar AIMS, wadda ta fara a Afirka ta Kudu a 2003, ta kuma yi rassa a Senegal da Ghana da Kamaru da Ruwanda, karatu da abinci da wurin kwana duk kyauta. A nan cikin Jami'ar Badun akwai reshen Jami'ar Tarayyar Afirka mai kula da kimiyyar rayuwa da ta ƙasa, wanda Tarayyar Afirka ke biya wa ɗalibansa. Daga 2014 kuma Bankin Duniya ya tallafa wa wasu cibiyoyi na musamman a jami'o'inmu, ciki har da cibiyar noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa ta Jami'ar Bayero a Kano, da cibiyar fasahar abinci ta Makurɗi mai bincike a kan asarar amfanin gona bayan girbi. Asusun TETFund kuwa na malaman manyan makarantun gwamnati ne, ba na kowa ba.

Duk waɗannan ta intanet ake cika fom ɗinsu, kuma babu dillali a tsakani. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya samo wa ɗanka gurbi, ɗan damfara ne. Ana kuma fara nema tun kusan shekara guda kafin tafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

TAKARDAR ASALI

Ga wata matsala da ta fi shafarmu mu mazauna Kurmi. Tallafin gwamnatin tarayya irin na PTDF ana raba shi ne bisa jihohi, na gwamnatocin jihohi kuwa na 'yan asalin jiha ne. A 2023, alal misali, gwamnatin Kano ta sake buɗe shirin tura masu digiri mai daraja ta ɗaya zuwa Indiya da Uganda don yin mastas, amma sai ɗan asalin Kano. Kowanne sai an nuna takardar ƙaramar hukuma. Yaron da aka haifa a Sabo, aka haifi ubansa a Sabo, in ya nema a nan a ce ya tafi garinsu, in ya je can a ce ba a san shi ba. Ga shi da daraja ta ɗaya, ga shi ba takarda.

Maganin wannan yana hannunmu iyaye. Tun yaro yana sakandare, tun dattawan da suka san asalin gidan suna da rai, a kai shi gida. Ya gaida mai unguwa da dagaci, a san fuskarsa, a karɓo masa takardar ta hanyar da ta dace. Sa'an nan a duba sunansa da ranar haihuwarsa su zama iri ɗaya a takardar haihuwa da ta sakandare da ta jami'a da katin ɗan ƙasa da fasfo. Muhammadu a nan, Mohammed a can, Mamman a wata, wannan kaɗai ya isa ya hana yaro gurbi. Cikakken sakamakon jami'a shi ma yakan ɗauki watanni kafin ya fito, a neme shi tun ana bautar ƙasa.

'YA'YA MATA

Iyayena mata, da ku magidanta, wannan magana ba ta maza kaɗai ba ce. Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero, masaniyar kimiyyar fiziks, ta yi aure bayan sakandare, sai da ta kai shekara 29 tana da 'ya'ya sa'an nan ta shiga jami'a. A 2015 ta sami lambar yabo ta duniya da Gidauniyar Elsevier ke ba mata masana kimiyya na ƙasashe masu tasowa. Aure bai hana ta ba. Mu kuma a nan Badun jami'a tana bakin ƙofarmu, mace za ta iya yin mastas tana kwana a ɗakinta. Abin da take bukata shi ne miji ya yarda, a kuma sami mai riƙe mata yara ranar da gwaji ya tsare ta. In za a ɗaura aure yarinya tana da wannan niyya, a faɗa wa dangin miji tun wurin neman aure.

ABIN DA NAKE ROƘON ƘUNGIYA

Ya shugaba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina da roƙo huɗu.

Na ɗaya, a buɗe asusu na musamman domin kuɗin bincike, tun da nan ne yara ke maƙalewa. In mutum 200 cikinmu kowa zai ba da Naira 5,000 a wata, Naira miliyan 1 ke nan a wata, miliyan 12 a shekara. Mun saba da adashin da ya fi wannan.

Na biyu, kada a raba kuɗin da sanayya. A kafa kwamiti da ya haɗa 'yan kasuwa da 'ya'yanmu da suka riga suka yi digiri na biyu da na uku. Mai nema ya kawo takardar ɗauka, da sunan malaminsa, da lissafin abin da zai kashe, a riƙa ba shi kashi-kashi gwargwadon ci gaban aikinsa. A fifita wanda bincikensa ya taɓa sana'o'inmu ko lafiyar unguwanninmu. In ya gama, ya zo gaban taro irin wannan ya yi mana bayani da Hausa, in kuma Allah ya buɗa masa ya mayar da abin da aka ba shi don na baya su samu.

Na uku, mu buɗe wa ɗalibai ƙofofin sito da rumfuna da kara. In yaro ya zo yana so ya auna zafin cikin tirela daga Kano zuwa nan, ko ya ƙirga goron da sankara ta ɓata a huhu, ko ya ɗebi samfurin wake, kada a kore shi a ce ɗan leƙen asirin masu haraji ne. Wannan taimako ne da ba ya cin ko kwabo.

Na huɗu, sakatare ya buɗe rajistar duk 'ya'yanmu masu digiri, da fannin kowa da sakamakonsa, domin in an buɗe neman wani tallafi a san wanda za a kira a kan lokaci.

Ku kuma ɗalibai, darajar digiri na farko ita ce kuɗin shiga wannan kasuwa. Wanda ke aji ɗaya ko aji biyu a jami'a yau, ya sani yanzu ne yake yanke wa kansa hukuncin ko zai sami tallafi ko ba zai samu ba. Ku riƙe malamanku da mutunci, domin su za su rubuta muku wasiƙar shaida.

A nan zan dakata. Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya sa abin da za su koyo ya amfane mu da maƙwabtanmu baki ɗaya. Allah ya ƙara wa Sarki lafiya, ya bar zumunci, ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.